Babi na Shida: Wa Zai Ji Kukan Mai Jin Kukan Jama'a?

Duk wanda ya zaɓi aikin jin daɗin jama'a ya san abin da zai tarar tun kafin ya sa ƙafa. Ya san zai ga yaron da aka yi wa dukan kawo wuƙa, da matar da aka kora da goyo a baya, da tsohon da 'ya'yansa suka watsar. Ba a ɓoye wa kowa wannan. Shi ya sa idan ma'aikaci ya ajiye aiki bayan 'yan shekaru, sai mutane su ce ganin baƙin cikin jama'a ne ya cinye shi. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa abin da ke karya shi yana cikin ofis: an sauya tsari ba a tambaye shi ba, an haɗe sashensa da wani, an ɗauke shugabar da ta san aikinsa, an kawo sabon fom na biyar a shekara guda, abokan aikin da suke cin abinci tare sun koma gaba, kuma kowa ya san ranar da wani abu ya lalace wuyan ƙarami za a rataya wa jakar tsaba.

Zuciyar ɗan Adam tana iya ɗaukar baƙin cikin wasu na tsawon shekaru, muddin akwai inda take sauke shi. Sauyi da rikici a wurin aiki suna rushe wurin saukewar ne. Babu ƙasar da aka rubuta labarin wannan dalla-dalla kamar Ingila, inda mutuwar yara biyu a ƙaramar hukuma ɗaya ta jijjiga aikin gaba ɗaya har sau biyu cikin shekara goma. Daga can za mu fara.

Haringey, shekarar 2000

A ranar 25 ga Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara 8 mai suna Victoria Climbié ta rasu a wani asibiti a Landan. 'Yar ƙasar Kodebuwa ce. Iyayenta sun ba da ita riƙo ga gwaggon mahaifinta, wadda ta yi alkawarin sa ta makaranta a Turai, abin da gidaje da yawa a Afirka ta Yamma za su yi da zuciya ɗaya. Likitan da ya duba gawarta ya ƙirga rauni da tabo 128. An ɗaure gwaggon da saurayinta rai da rai. Abin da ya fi girgiza Birtaniya shi ne yarinyar ba ɓoyayya ba ce: ofisoshin jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomi huɗu sun san da ita, 'yan sanda sun san da ita, an kwantar da ita a asibitoci biyu. A ranar da ta cika, a ranar ne ƙaramar hukumar Haringey ta rufe fayil ɗinta.

Ma'aikaciyar da ke riƙe da fayil ɗin matashiya ce, ba ta daɗe da fara aiki ba. Fayil 19 ne a hannunta, alhali ƙa'idar ofishin 12 ce. Sashen nata yana tsakiyar garambawul a lokacin, shugabannin rukuni ba su da tabbacin kujerunsu, kuma zaman da ya kamata shugabarta ta riƙa yi da ita don duba aikinta bai samu yadda ya dace ba. An kore ta, aka sa sunanta cikin jerin waɗanda aka haramta wa aiki da yara, sai daga baya wata kotun ɗaukaka ƙara ta cire shi. Lord Laming, wanda ya jagoranci binciken gwamnati, ya fitar da rahotonsa a Janairun 2003, kuma ya ɗora mafi girman laifin a kan manyan shugabanni waɗanda ba su san abin da ke gudana a ƙarƙashinsu ba.

Rahoton ya zo da shawarwari 108. Dokar Yara ta 2004 ta biyo baya, aka haɗe sashen ilimi da na kare yara a ƙarƙashin darakta guda a kowace ƙaramar hukuma. Aka kawo manhajar kwamfuta da za a riƙa shigar da bayanin kowane yaro. Aka matsa kan wa'adi: kwana 7 na aiki a gama binciken farko, kwana 35 a gama cikakken bincike, kuma da waɗannan alƙaluma ake auna ƙaramar hukuma. Niyyar kirki ce ta haifar da duk wannan. Sai dai masu binciken da suka zauna a ofisoshin bayan 'yan shekaru, irin su Sue White da abokan aikinta, sun tarar da ma'aikata suna cinye mafi yawan yininsu a gaban kwamfuta. An gina tsarin don kada yaro ya ɓace, sai ya rage lokacin da ake zama da yaron.

Tsoro yakan sa rigar ƙa'ida

Me ya sa hukuma mai hankali za ta yi haka? Amsar ta girmi labarin Haringey da shekara arba'in. A ƙarshen shekarun 1950 wani babban asibitin koyarwa a Landan ya gayyaci Isabel Menzies Lyth, masaniyar halayyar ɗan Adam daga cibiyar Tavistock, ta duba matsalolin horar da nas-nas ɗinsa, waɗanda da yawansu ke barin karatun kafin su gama. Ta lura cewa aikin jinya yana tayar da tsoro da ƙyama da tausayi da jin laifi a lokaci guda, kuma asibitin ya tsara aikinsa ta yadda kowa zai kauce wa jin waɗannan abubuwa. An yayyanka aikin gunduwa-gunduwa don kada wata nas ta shaƙu da majinyaci ɗaya. Ana kiran majinyaci da lambar gadonsa da sunan ciwonsa. Ƙaramar shawara ma sai an tura ta sama, an duba an sake dubawa, don kada nauyinta ya faɗa kan mutum ɗaya. Manya suna ganin ƙanana ba su da kula, ƙanana suna ganin manya ba su da imani.

Abin da ta gano shi ne wannan kariyar ba ta kare kowa ba. Tsoron yana nan, sai dai an raba ma'aikaciya da abin da zai sanyaya mata rai, wato ta ga majinyacin da ta kula da shi ya samu sauƙi. Mafi hazaƙar ɗaliban ma suna cikin masu tafiya.

Duk wanda ya fahimci wannan zai kalli tarin fom da idon daban. Fom yana da amfaninsa, domin aikin da ba a rubuta ba yakan bi mai shi idan ya tafi. Amma akwai lokacin da fom ke zama mafaka. Shiga ɗakin da kake zargin ana azabtar da yaro, uban yana tsaye a bakin ƙofa yana huci, abu ne mai tsayar da numfashi. Cike shafi takwas a kwamfuta ya fi sauƙi, kuma in an gama ana iya nuna shi ga mai duba aiki. Harry Ferguson, wani farfesa da ya riƙa bin ma'aikata har cikin gidajen da suke ziyarta, ya nuna yadda ƙwararru ma kan fito daga gida ba su yi magana da yaron ba, ba su taɓa shi ba, saboda hayaniya da barazana da matsin lokaci sun cika musu kai har tunani ya tsaya. Ba mugunta ba ce. Zuciya ce ta cika ta rufe ƙofa.

Haringey kuma, 2007

A ranar 3 ga Agustan 2007 wani yaro ɗan wata 17, Peter Connelly, wanda jaridu suka sani da Baby P, ya mutu a wannan ƙaramar hukumar dai, da rauni sama da 50 a jikinsa. Sunansa yana cikin rajistar yaran da ke cikin haɗari, kuma ma'aikatan jin daɗin jama'a da likitoci da 'yan sanda sun gan shi kusan sau 60 cikin wata takwas. A Nuwamban 2008 kotu ta kama mahaifiyarsa da saurayinta da ɗan'uwan saurayin da laifi. Jaridar The Sun ta tattara sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya tana neman a kori ma'aikatan. A ranar 1 ga Disamba, ministan harkokin yara Ed Balls ya sanar a gaban 'yan jarida cewa ya tuɓe daraktar sashen yara na Haringey, Sharon Shoesmith. An yi mata barazanar kisa, kuma ta faɗa da bakinta daga baya cewa ta kai ga tunanin kashe kanta. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen korarta.

Mutuwar yaron nan ita ce babbar musiba, kuma akwai kurakuran da ba su da uzuri. Amma dubi abin da ya biyo baya a zukatan dubban ma'aikatan da ba su taɓa ganinsa ba. Kowa ya koyi darasi ɗaya: gobe yana iya zama ni. Ƙarar da ake shigarwa kotu don raba yara da iyayensu ta yi tashin gwauron zabo, domin mai jin tsoro ya gwammace ya ɗauke yaro da ya bar shi ya kwana cikin fargaba. Ƙananan hukumomi da yawa suka rasa masu neman aikin kare yara, suka koma dogaro da ma'aikatan haya da ke zuwa na 'yan watanni su wuce. Iyalin da suka saba da fuska ɗaya sai su ga sabuwa, su sake ba da labarinsu daga farko.

A 2010 gwamnati ta nemi Farfesa Eileen Munro ta sake duba tsarin. Rahotonta na Mayun 2011 ya zo da shawarwari 15 kacal, kuma jigonsa shi ne an damu da bin ƙa'ida har an manta da tambayar ko an taimaki yaron. Ta ce a rage wa'adin dole, a mayar wa ma'aikaci damar amfani da hankalinsa, a kuma yarda cewa aikin da ya shafi abin da mutane za su yi gobe ba zai taɓa rabuwa da rashin tabbas ba. Amma sauyi bai tsaya ba. Daga 2010 tsuke bakin aljihu ya zaftare kuɗin ƙananan hukumomi. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan rajista, wadda aka kafa a 2001, an rushe ta a 2012 aka miƙa su ga wata, sannan a 2019 aka sake miƙa su ga ta uku. Kwalejin da aka kafa don ta zama muryar sana'ar an rufe ta a 2015, tana da 'yan shekaru kaɗan. Wanda ya fara aiki a 2000 ya kai 2020 bai taɓa samun shekara biyar a jere ƙasa na tsaye a ƙarƙashinsa ba.

Sauyi rashi ne

Shugabanni kan yi mamakin yadda ma'aikata ke turjiya ko da sabon tsarin ya fi tsohon. Sai a ce lalaci ne, ko taurin kai. Wani masanin zamantakewa ɗan Birtaniya, Peter Marris, ya ba da bayani mafi adalci, kuma wani ɓangare na hujjarsa daga Najeriya ya samo shi. A shekarun 1950 ya yi bincike a kan matan da mazansu suka rasu a Landan. Daga nan ya zo Legas, lokacin da ake rushe tsofaffin unguwannin tsakiyar birnin ana mayar da mutane sabbin gidaje a Surulere. Gidajen sun fi tsafta, sun fi fili, amma da yawa daga waɗanda aka mayar suna cikin ƙunci, domin an raba su da dangi, da masu sayen kayansu, da unguwar da ta san su. A littafinsa na 1974 mai suna Loss and Change ya haɗa biyun: abin da mai takaba ke ji da abin da wanda aka tayar daga unguwarsa ke ji dangin juna ne. Mutum yana gane kansa ne ta abubuwan da ya saba da su, kuma in an cire su, ko da an ba shi waɗanda suka fi, sai ya yi juyayi kafin ya karɓa.

Marris ya ƙara da wani abu da ya kamata kowane darakta ya riƙe. Masu tsara sauyi sun yi watanni suna tunaninsa, sun yi gardama, sun yi shakka, sun huce. Ranar da suka sanar da shi, su sun riga sun gama juyayinsu. Sai su buƙaci na ƙasa su karɓa cikin mako guda, kuma su ji haushi in an yi musu tambaya.

Daga nan ake fahimtar yawancin rigimar ofis. Juyayin da ba a ba shi wuri ba yakan nemi hanyar fita, kuma hanya mafi kusa ita ce wanda ke zaune a teburin gefe. Tsofaffin ma'aikata su ga sababbi 'yan kwamfuta ne da ba su san mutane ba. Sababbi su ga tsofaffi sun tsaya a jiya. Na fili su ce na ofis ba su taɓa shiga gidan da ake zagin mutum ba, na ofis su ce na fili ba sa kawo rahoto a kan kari. Shugabar rukuni, wadda ke tsakiya, tana shan matsi daga sama da ƙorafi daga ƙasa, kuma sau da yawa ita ce ba ta da wanda za ta faɗa wa. In ka bi diddigin faɗan da ake yi a kan mota ko kujera ko wa aka tura kwas, za ka tarar da tambayar da ba wanda ya iya furtawa: shin aikin da na yi shekara goma ina yi yana da daraja har yanzu?

Hanyoyin da ke ci da mai su

Kowane ma'aikaci yana da dabarar jurewa, ko ya sani ko bai sani ba. Wasu dabarun suna kai mutum ƙarshen mako amma suna cinye shi a hankali. Akwai mai daskarar da zuciyarsa, ya daina kiran mutane da sunansu, su koma “kes”. Akwai mai ɓuya a bayan takarda, komai ya rubuta don ya kare kansa. Akwai mai ɗaukar komai a kansa, yana amsa waya tsakar dare, yana jin in ya huta wani yaro zai mutu. Akwai mai haɗiyewa a ofis ya je gida ya sauke a kan iyalinsa. Akwai kuma wanda jikinsa ke yin maganar da bakinsa ya ƙi yi: ciwon kai, hawan jini, rashin barci.

Herbert Freudenberger ya bayyana wannan ƙonewar a 1974, bayan ya gan ta a jikin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a New York, ya kuma gan ta a jikinsa. Christina Maslach ta rarrabe alamominta uku: ƙarewar ƙarfi, da bushewar zuciya ga waɗanda ake yi wa hidima, da jin cewa aikin ba ya haifar da komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin kundinta a matsayin abin da matsin wurin aiki ke haifarwa idan ba a magance shi ba. Wannan bayanin yana da muhimmanci, domin ya nuna inda tushen yake. Ba a warkar da ciwon da ofis ya jawo ta hanyar ce wa ma'aikaci ya ƙara ƙarfin zuciya.

Abin da ke riƙe mutum

Abu na farko shi ne zama na musamman tsakanin ma'aikaci da wanda ya fi shi ƙwarewa, a kai a kai, ƙofa a rufe, waya a ajiye. Ba zaman ƙirga fayil kaɗai ba. A wannan zaman ne ake tambaya: da ka shiga gidan nan, me ka ji? Ma'aikaciyar da ta samu damar cewa “wallahi tsoron mutumin nan nake ji” ta sauke rabin kayanta, kuma ta ba da bayani mafi muhimmanci a fayil ɗin, domin in babba mai katin shaida yana tsoronsa, yaya yaron da ke kwana a gidan? Abin takaici, wannan zaman ne ake fara sokewa idan garambawul ya zo, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Na biyu, kada mutum ɗaya ya riƙe fargaba shi kaɗai. Ƙaramar hukumar Hackney, maƙwabciyar Haringey, ta gwada wannan daga wajen 2008 a ƙarƙashin Steve Goodman da Isabelle Trowler. Sun rarraba ma'aikata zuwa ƙananan rukunoni. Kowane rukuni yana da babban ma'aikaci, da mataimakansa, da masanin zamantakewar iyali, da mai kula da takardu wanda ke ɗauke wa sauran aikin ofis. Iyalan na rukunin ne gaba ɗaya, kuma kowane mako ana zama a tattauna kowane yaro. Binciken da aka yi a kan tsarin ya nuna hutun rashin lafiya na ma'aikata ya ragu sosai, yaran da ake rabawa da iyayensu ma sun ragu. Shi ma sauyi ne, har da zafinsa, amma sauyi ne da ya ƙara wa ma'aikaci abokan tunani.

Na uku, a ba juyayi haƙƙinsa. Shugaban da zai kawo sabon tsari ya faɗi abin da za a rasa, ya yaba wa aikin da aka yi a tsohon, ya faɗi abin da ya sani da wanda bai yanke ba tukuna, domin jita-jita tana girma ne a inda shugaba ya yi shiru. Ya kuma tambayi na ƙasa tun kafin a gama yanke shawara, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na huɗu ya rage ga ma'aikacin kansa: ya san iyakar abin da ke hannunsa. Bai haddasa talaucin gidan ba, kuma ba shi ke juya zukatan iyaye ba. Abin da ke kansa shi ne ya duba da kyau, ya saurara, ya rubuta gaskiya, ya ɗaga murya idan ya ga haɗari. Wanda ya rarrabe wannan yakan iya barci.

A gida

Ma'aikatanmu ba su da jaridar da ke farautarsu kamar na Ingila, amma sauyin da ke faɗo musu ya fi girma, kuma yakan zo ba sallama. A 2020, cikin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu na asali, sai ga motoci cike da yara suna isowa, kuma ma'aikatan ma'aikatun mata da walwalar jama'a na cikin waɗanda aka ɗora wa neman iyayen kowane yaro. A 2021 gwamnatin Babagana Umara Zulum ta sanar da rufe sansanonin 'yan gudun hijira da ke Maiduguri, aka rufe irin su Bakasi, dubun dubatan mutane suka watse zuwa garuruwa daban-daban. Gwamnati ta ce mutum ba ya dawwama a sansani, gara ya koma gona da mutuncinsa. Ƙungiyoyin jin ƙai suka ce tsaro bai samu ba tukuna. Kowane ɓangare yana da hujja, amma ma'aikacin gwamnati da na ƙungiya da suka yi shekaru suna bin yara ɗaya sun wayi gari a ɓangarori biyu na gardamar da ba su suka fara ta ba. Sannan a Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafin da take ba ƙasashen waje, ayyuka da yawa a Arewa maso Gabas suka tsaya, aka sallami ma'aikata, waɗanda suka rage suka gaji fayilolin waɗanda suka tafi.

Ga kuma nauyin da ya keɓanta da mu. Ma'aikacinmu yana zaune a cikin al'ummar da yake wa aiki. An san gidansa, an san surukansa, kuma wanda ya kai ƙara jiya zai iya haɗuwa da shi a sahun sallah yau. Sau da yawa daga aljihunsa yake biyan kuɗin mota ko na magani. Da yawa a Borno da Yobe su ma sun rasa 'yan'uwa a rikicin da suke jinyar waɗanda ya shafa. Rigimar ofis kuma ba ta cika fitowa fili ba, saboda ƙarami ba ya kallon idon babba ya ce “Yallaɓai, wannan tsarin zai cutar da yara.” Sai ta koma gaba, da habaici, da gaisuwar fatar baki, da fayil ɗin da ke kwana a tebur ba dalili.

Muna da abin dogaro da ba kowa ke da shi ba. Imani da ƙaddara yana sauke wa mutum tunanin cewa komai a hannunsa yake. Sallah da addu'a suna yanka yini gida-gida, suna ba zuciya wurin numfashi. Zumunci yana hana kaɗaici, kuma al'adar sa dattijo ya shiga tsakani tana kashe rigimar da takardar tuhuma za ta ƙara hurawa. Waɗannan dukiya ne. Amma “yi haƙuri” tana da fuska biyu. Daga bakin abokin aiki da ya zauna ya saurare ka, magani ce. Daga bakin shugaban da ya ɗora maka aikin mutum uku, hanya ce ta rufe magana. Kuma idan rashin barci ya yi makonni, ko hoton abin da mutum ya gani ya ƙi barin idonsa, ko ya fara jin rayuwa ba ta da amfani, to lokacin ganin likita ya yi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna da Kware, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne ga wanda kullum yake tura wasu.

Najeriya ta samu dokar kafa majalisar da za ta tsara sana'ar jin daɗin jama'a a 2022, kuma jihohin Arewa da dama sun amince da dokokin kare yara a 'yan shekarun nan. Ma'ana, sabbin fom da wa'adi da masu duba aiki suna tafe. Muna da damar da Ingila ba ta samu ba, ta ganin inda hanyar ta kai wasu kafin mu bi ta. Duk kwamishina ko darakta ko shugaban ƙungiya da zai rubuta sabon tsari, ya rubuta a cikinsa adadin fayil ɗin da mutum ɗaya ba zai wuce ba, da awa ɗaya a kowane mako biyu da kowane ma'aikaci zai zauna da wanda zai saurare shi, da hanyar da ƙarami zai ce “ban yarda ba” ba tare da an tura shi ƙauye ba. Biyu daga cikin ukun nan ba sa cin ko kwabo. Yaron da ke cikin haɗari ba fom ne zai lura da tabon da ke bayan kunnensa ba. Mutum ne zai lura, kuma sai in an bar wa mutumin nan sauran natsuwar da zai duba da ita.